Murfin Bakin Abarshi

Madarunfa, kakar 1951

Takarda ta fito daga hannun amininka Abarshi ɗan Kanta zuwa ga Illo ɗan Yahaya, a Dakar. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina tambayar lafiyarka da ta Hajara da yara, da ƙafar nan taka, ko har yanzu tana yi maka tsiya idan sanyin teku ya taso. Mu nan sai godiya. An yanke gero, tabki ya cika har ya shiga gonakin bakinsa, matata Marka tana gaishe ka, 'yarmu Nana kuma ta fara kai wa uwarta ƙaramar ƙwarya rijiya.

Bayan haka, takardarka ta same ni, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Na yi dariya da ka ce kai ne yanzu kake share ɗakin lokotoron haƙori kana dafa masa ƙarafansa, kai da ka faɗi sumamme ranar da aka zare mani waya daga muƙamuƙi. Ka ce masu bincikensu sun gano cewa tsutsar haƙori da muke faɗa ba tsutsa ba ce, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu son zaƙi. To, ni dai sun makara, igwar Jamus ta riga su. Amma maganar da ka yi ta sabon abin nan da suke kira rezin, mai launin dasashi, wanda ka ce ya fi danƙo sauƙin ɗauka a baki kuma ba ya wari, ita ce ta hana ni sakat. Bari ka ji dalili.

Illo, murfina ya tsage.

Kai kaɗai a duniya ka san abin da ke ƙarƙashinsa, don gadonka na kusa da nawa a asibitin Faransa, kai ka koya mani rubutun nan a kan allo lokacin da aka ɗaure mani baki ba na iya magana. Ka san babu haƙori ko ɗaya a sama, rabin ganɗa babu, rami ne ya haɗe baki da hanci. Mutanen garinmu sun san ina da haƙoran Nasara, har suna kirana Haƙorin Faransa, amma suna zaton ado ne. Ba su san jan danƙon nan shi ke toshe ramin ba, shi ke sa in yi magana a ji, in sha fura ba ta fito ta hanci ba. Ko Marka ba ta taɓa ganina babu shi ba. Can cikin ciyawar bakin tabki nake wanke shi ni kaɗai.

Ya daɗe yana yi mani sako-sako, kamar bakin ne yake janyewa daga gare shi. Ranar da muke ɗora damma a rumbu ni da ƙanena Gwamna, ƙaiƙayi ya shigar mani hanci, na yi atishawa, sai ya yi tsalle ya faɗa kan dutsen gindin rumbu. Na juya baya na ɗauke shi kafin Gwamna ya gani. Bai rabu biyu ba, amma tsagar ta kama tun daga baya har kusa da haƙoran gaba.

Na kai wa Mamman gyartai, na zauna a zaurensa da rawani a baki har ya gama. Ya huda shi ya ɗinke da siririyar waya kamar yadda yake yi wa ƙwarya, ya shafa ƙaro. Allah Ya saka masa, bai tambaye ni komai ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Yana riƙewa, sai dai wayar tana cin kumatuna ta ciki, har wurin ya zama ɗan miki.

Abin da ya fi damuna shi ne, ka san tsohona ya rasu bara, ni ne mai gida yanzu. Ko da kana yi mani dariya kana cewa Anne mai bin addinin kakanni irina ba ya jin wa'azi, ka san al'adarmu: kafin a zuba iri a gandu, mai gida ne zai tsaya gaban jigon gida, itacen tsafin nan da aka kafa, ya kira sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi Uwar Gona, iskar da ke tsaron amfanin gona, sannan ya yanka. Bana na yi, murya ta fita tas. Baɗi fa?

Ka tambayar mani lokotoronka ko ana iya yi wa mutum sabo yana nesa. Ka gaida Hajara da kyau. Haza wasalam.

Naka, Abarshi

Madarunfa, ranin 1952

Zuwa ga aminina Illo. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ji an yi maka ƙaruwa, Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Marka ta ce a yi wa Hajara barka.

Bayan haka, na bi shawararka na je Maraɗi. Wani direban kamyon gyaɗa ya ɗauke ni daga hanyar Ɗan Issa. Na sami sabon lokotoro, yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Da na ciro murfin na ajiye masa a tasa, sai ya miƙe tsaye. Ya kira Sule, anfarme, wato ma'aikacin jinya, da ke yi masa tafinta, ya ce a rufe ƙofa. Ya haska mani fitila a baki, ya auna ramin da ɗan ƙarfe, ya ɗauki hotona ta gaba da ta gefe, da murfi da babu murfi. Ɗinkin Mamman kuwa ya fi komai burge shi, ya yi ta juya shi yana kaɗa kai. Ban ga mugunta a tare da shi ba, Illo. Murna yake yi, irin murnar mafarauci da ya ga naman da bai taɓa gani ba.

Ya ce shi ba aikinsa ba ne, amma malamansa na Dakar suna nazarin irin wannan rauni, kuma suna neman su ga yadda aikin lokacin yaƙi ya jure a ƙasar zafi. Ya ce in ba shi murfin ya aika masu, su zuba sabo na rezin a kan siffarsa, ya dawo kafin ruwan farko. Ya ce ko ba don haka ba dole in cire shi, don mikin nan ba zai warke ba muddin waya tana gogarsa. Na ce masa da Faransancinmu na bariki, idan na ba ka wannan, bakina na ba ka. Ya dafa kafaɗata ya ce alkawari ne.

Na daɗe zaune a kan bencin. Na tuna maganarka ta rezin, na tuna yankan gandu. Na ba shi. Wannan ita ce maganar ƙarshe da na yi wadda ɗan Adam ya gane ba tare da ya ce “Me ka ce?” ba.

Na iso gida da la'asar, rawani a baki. Marka ta kawo tuwo da miyar kuka, na nuna mata da hannu ta rufe ƙofa. Na kwance rawanin. Ka san yadda fuskar take komawa, leɓen sama ya faɗa ciki, kunci ya lotsa kamar tsohuwar salka. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ashe abin da kake ɗauke da shi kai kaɗai ke nan, ina kwana kusa da kai ban sani ba?” Ta ɗauke tuwon ta fita, ta dawo da kunu da ta tace da ƙyalle.

Ina cikin sha, kaina a ɗage sama kamar kaza, kunun yana zubowa ta hanci, sai Nana ta turo ƙofa. Na kira sunanta don in kwantar mata da hankali. Abin da ya fito daga bakina ni kaina ban san shi ba. Ta ƙwalla ƙara ta ruga ɗakin kakarta Inde, tana cewa wani abu ya shiga ɗakin Baba ya sa rigarsa. Har yau ba ta yarda ta zauna inda nake. Idan na shigo tsakar gida sai ta ɓuya bayan turmi. Yarinyar da a da ba ta barci sai a kan cinyata ina yi mata waƙar da muke yi a jirgin ruwa.

Na yanke karan gero na huda shi, da shi nake zuƙar kunu yanzu, ya fi sauƙi. Kasuwa na daina zuwa. Ina ƙarfafa zuciyata da cewa kafin ruwa ya sauka an gama. Idan ƙunshin ya iso wurinku, ka sa ido a kansa. Akwatin kwali ne ƙarami, da sunana da lambata ta soja.

Ka gaida kowa. Wasalam.

Abarshi

Madarunfa, daminar 1952

Zuwa ga Illo, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mai jego da jariri. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Takardunka biyu sun zo, hannuna ne ya ƙi ɗaukar alƙalami.

Murfi bai zo ba. Na koma Maraɗi har na gaji da komawa. A zuwan ƙarshe Sule ya ce an ɗauke yaron lokotoron an kai shi wata ƙasa, wanda ya gaje shi bai iso ba tukuna. Ya rantse mani shi da hannunsa ya kai ƙunshin gidan waya. Na yarda da shi.

Hadari ya fara haɗuwa, ba a jira. Dattawan gida suka ce a yi yanka. Gwamna ya zo ya same ni a bayan rumbu ya ce, “Yaya, ko dai a ce ba ka da lafiya, a ɗaga?” Na girgiza kai. Ruwa ba ya jiran mai ciwo, kuma na yi ta gwadawa ni kaɗai a bakin tabki, ina cusa auduga a ramin, ina ganin kamar ana iya ganewa.

Ranar da safe duk gida ya taru gaban jigo, maza a gaba, mata a baya. Aka kawo jar akuya. Na kwance rawani a gaban kowa, don ba a kiran kakanni da rufaffen baki. Na ji yadda numfashin mutane ya tsaya. Na riƙe wuƙa na fara da sunan tsohona, kamar yadda ake yi. Illo, Kanta kawai zan ce. Suna ne da na fi kowane suna faɗa a duniya. Iska ta bi ta hanci, audugar ta zame, abin da ya fito kamar kukan ɗan maraƙi. Na sake. Na sake. Wani daga cikin samari dariya ta kuɓuce masa, ya toshe baki, ban ma ji haushinsa ba. Na wuce zuwa suna na biyu, shi ma haka. Yawu yana zuba a ƙirjina, akuya tana ta fizga.

Sai innata Inde ta yi magana daga baya, ba da ƙarfi ba. Ta ce, “Kakanni ba su san mai kiransu ba. Kada a bar su tsaye a ƙofa.” Uwar da ta haife ni ke nan, kuma gaskiya ta faɗa.

Gwamna ya matso yana hawaye. Bai karɓi wuƙar ba, tsayawa ya yi kusa da ni kansa a ƙasa. Ni na kama hannunsa na sa masa ita. Ya kira sunayen, kowa ya ji. Ya yanka.

Ka san abin da ya biyo baya? Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya kuma ci gaba a kan kari. Geron gandu ya fi na kowa a yankin nan, har mutanen Safo masu wucewa suna tsayawa kallo. Na so in yi murna, abincin 'ya'yanmu ne. Amma duk zangarniyar da ta fito tana gaya mani an karɓi Gwamna. Da an yi fari, da na ce laifina ne, har yanzu ina da wani nauyi a gidan. Yanzu ba ni da ko laifi.

Ba wanda ya tsige ni. Har gobe Gwamna ba ya yanke magana sai ya zo ya durƙusa ya gaya mani, ni kuma in gyaɗa kai. Amma masu neman aure da masu rigimar iyakar gona ƙofarsa suke tsayawa. A gida kuma ba mai iya karatu, da na rubuta masu abin da ke raina. Marka tana gane rabin maganata, sauran rabin takan ce “to” don kada in sake wahala. Kai kaɗai ka rage wanda nake yi wa magana ta fita daidai, kai kuwa kana bayan duniya.

Mikin bai warke ba, ko da yake babu wayar da ke gogarsa yanzu. Ya ƙara faɗi, bakinsa ya yi tauri. Wanzami ya ba ni sassaƙen bagaruwa ina kurkurawa.

Don girman zaman da muka yi, ka bincika mani akwatin nan. Ka shiga duk ɗakin da tsintsiyarka take shiga.

Amininka, Abarshi

Madarunfa, bazarar 1953

Zuwa ga ɗan'uwana Illo. Gaisuwa irin ta wanda ba shi da abin biya sai ita. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya kama Hajara ya sake ta.

Bayan haka, na ji duk wahalar da ka sha. Na karanta inda ka ce ka sami murfina a cikin kabad na gilashi a ɗakin da ake koya wa ɗalibai, an sa masa 'yar takarda a gaba, hotona a bayansa, ana nuna masu ɗinkin gyartai. Ka ce takardar da ta zo da shi ta ɓata, suka zaci kyauta ce aka aiko masu daga kayan mamaci. Ka ce ka tsaya gaban babban lokotoro da tsintsiya a hannu ka ce masa mai bakin nan yana da rai, yana shan kunu da karan gero. Na san abin da wannan tsayuwa take nufi ga mai aiki irin naka. Ban san da me zan saka maka ba.

Sabon murfin ya iso. Sule ya aiko aka kira ni. Illo, ba ka yi ƙarya ba, abin kallo ne. Launinsa kamar dasashin jariri, haƙoran farare a jere, ba shi da nauyi ko kaɗan. Marka ta raka ni, ta sa zanenta na biki. Tun a hanya take cewa yau Nana za ta ga ubanta.

Bai shiga ba.

Sule ya jiƙa shi, ya juya ta nan, ya juya ta can. Na karɓa na tura da kaina har jini ya cika mani baki. An zuba shi a kan siffar tsohon, tsohon kuwa an yi shi ne don bakin da nake da shi a Faransa. Wannan bakin ya tafi. Sabon lokotoron, wani dattijo mai furfura, ya ce idan babu haƙori ƙashin dasashi yakan yi ta narkewa, kuma shekarar da na yi babu komai a ciki ta ƙarasa shi. Ya ce irin wannan aiki ba a yinsa daga nesa, sai an cusa wa mutum kaki a baki an ɗauki siffarsa ta ranar. Ya ce da an tambaye shi tun farko da ya faɗa.

Sannan ya ga mikin. Ya sa yatsa ya taɓa gefen mikin, ya lalubi wuyana inda kaluluwa ta fito ta ƙi komawa. Ya sa aka yi mani allurar nan da ka yi ta yabo, fenisilin, wadda ka ce tana tsayar da ruɓar baki a yara har su tashi. Na zauna a Maraɗi gidan wani ɗan'uwan Marka ana yi mani ita safe da yamma har aka gama. Warin ya ɗan ragu. Mikin ko gezau.

Ranar da na koma ya sake dubawa, ya je ya daɗe yana wanke hannu. Ya yi wa Sule magana da Faransanci, bayansa a gare ni. Ya manta tsohon soja ne a zaune, ko kuma ya zaci wanda ba ya magana ba ya ji. Ya ce wannan ba ruɓa ba ce da allura take kashewa, sankara ce, ta kuma riga ta sauka wuya. Ya ce ko a Dakar sai dai su yanke abin da ya rage na fuskar, kuma ba ya jin zai hana komai. Sule ya juyo ya ce mani, “Ya ce ka ci gaba da kurkure baki da ruwan gishiri, da sauƙi in Allah Ya so.” Na kama hannunsa na girgiza. Yaron kirki ne.

Marka tana jira a waje gindin itacen bedi. Ta tambaye ni da ido. Na nuna mata sama, wato sai abin da Allah Ya yi. Ta karɓi akwatin ta ƙulle a bakin zanenta. Ba mu sami mota ba, muka biyo masu jakuna. Tana gaba ina baya, ina kallon zanen bikin nan yana shan ƙasa, ba ta ko tattare shi ba.

Ban gaya mata ba. Ko na gaya mata, kalmar ba za ta fita ba. Kai na gaya wa.

Abarshi

Madarunfa, kakar 1953

Zuwa ga Illo ɗan Yahaya, aminina na duniya. Ina gaishe ka, ina gaida Hajara, ina gaida yara kowa da sunansa. Idan ka ga rubutun ya karkace, kada ka ce ɗalibinka ya yi sakaci, hannun ne ba ƙarfi.

Na ga takardar izinin tafiya da ka samo mani, da maganar babban lokotoronku cewa in zo su gwada sabon maganinsu na haske da suke ƙona irin wannan ciwo da shi. Ka yi masa godiya. Ba zan zo ba. Kada ka yi fushi. Kunu ma yanzu da ƙyar yake wucewa, ba zan kai Yamai ba balle teku. Kuma na riga na ba su bakina sau ɗaya, sauran jikin na mutanen gidanmu ne, ina so a sa shi kusa da tsohona. Ba na ƙullatar kowa. Ka ce abin da suka koya a kaina zai amfani wasu, har sun fara aika wa asibitocin nesa da kakin ɗaukar siffa. Madalla. Allah Ya sa wani ya samu a kan lokaci. Ina faɗa da gaske, amma ba zan ɓoye maka ba, bai sanyaya mani zuciya ba.

Na koma bukkar lambunmu ta bakin tabki. Ba wanda ya kore ni, ni na ga yadda mutane suke jan numfashi kafin su shigo ɗakina, na hutar da su. Gwamna ya zo ya yi ta roƙo in koma, da na ƙi sai ya sake mani jinka ya kawo gadon kara. Marka tana zuwa da safe ta wanke mani, ta kora ƙuda, ta zauna tana kaɗi tana ba ni labarin gari. Ta daina tambayata yaushe za mu koma Maraɗi, na san ta gane. Innata ta zo sau ɗaya da sandarta, ta zauna a ƙofa ta yi ta kiran sunana na yarinta, ta tafi.

Ina roƙonka abu ɗaya. Idan Allah Ya kawo ka gida Ɗan Issa wata shekara, ka ratso nan. Ka nemi Nana ka gaya mata ubanta yana da murya a da, har kafaran, kofur ɗinmu na soja, yakan sa shi ya ba da waƙa idan tafiya ta yi tsawo. Marka za ta gaya mata, amma za ta ce uwa ce ke faɗa.

Maganar Nana ce ma ta sa na ɗauki alƙalami yau, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Tun da na dawo bukka takan biyo uwarta, amma ba ta wuce bakin shinge. Takan tsaya can tana leƙe, idan na ɗago kai ta gudu. Na saba. Shekaranjiya Marka ta je ɗebo ruwa, ina zaune a inuwa da ƙyalle a fuska, sai na ji motsi. Na ɗago, ga ta tsaye gabana, kusa har ina jin numfashinta. Hannu ɗaya ta toshe hanci da shi, ɗayan a dunƙule. Ban motsa ba, kada in firgita ta.

Ta buɗe baki ta nuna mani. Ta fara famfara, haƙorin gaba na ƙasa ya fita, ga ɗan giɓi da jini-jini. Sannan ta buɗe hannun. Ga shi nan, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce, “Kaka ta ce in jefa a kan ɗaki, na ƙi. Inna ta ce naka duka sun zube shi ya sa ba ka magana. Ungo wannan. Ni wani zai fito mani.”

Na miƙa hannu ta sa mani. Ta tsaya tana jira, na gane so take ta ga na sa. Na ɗaga ƙyallen kaɗan na tura shi cikin kunci, gefen da ba ciwo. Ba ta gudu ba, Illo. Ta ga abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba ta gudu ba. Ta ce, “To, yi magana.”

Na riƙe haƙorin a kunci ina dubanta. Ta ɗan jira, ta karkata kai tana tunani, sai ta ce ai ɗaya ba zai isa ba. Ta sa yatsa ta girgiza na kusa da giɓin ta nuna mani, ta ce shi ma ya fara motsi, na sama kuma sai baɗi, duk za ta tara mani. Ta ce in jira, kada in je ko'ina. Sannan ta ruga ta tari uwarta a hanya tana ihu wai Baba ya sami ɗaya.

Na gyaɗa mata kai alamar to, Illo. Ta ce in jira, na gyaɗa mata kai.

Ka yafe mani duk abin da na yi maka, ni ban riƙe ka da komai ba sai alheri. Ka sa ni a addu'arku ta Musulmi, ba za ta ɓaci ba. Haza wasalam.

Naka har abada,
Abarshi ɗan Kanta